Rumfar Gilashin Ƙofar Baya

Kafin rana ta ɗaga, babu wanda bai ji ba a Dauran: an kwance shanun huɗar Hajiya Lauratu daga turke, farin da jan duka. Daminar shekarar dubu biyu ce, ruwa ya zauna, kowa na neman wanda zai yi masa huɗa, kuma ba a daɗe da fara aiki da Shari'a a Zamfara ba. Kowa ya ji a rediyo an yanke hannun wani a kan saniya. Shi ya sa da aka ambaci sata, mutane suka riƙa satar kallon hannuwan juna.

Mai gari ya aika Birnin Tsaba aka ɗauko Gwadabe mai bin sawu a bayan mashin. Dattijo ne siriri, kuma ya san aikinsa, wannan ba a musu. Aibinsa ɗaya, ba kuwa zan rufa masa asiri a kansa ba: yana son a taru a kansa. In mutum biyu ke kallonsa, shiru yake bin sawu. In suka yi yawa, sai bakinsa ya buɗe. Rannan kuwa rabin gari ne ke biye da shi.

Sawun ya fita ta bayan danga, ya bi gefen gonar gero, ya nufi wata tsamiya da ke bakin hanya. Mutum ɗaya ne a gaba, da takalmin roba irin na kowa da kowa. Shanun na bayansa, babu alamar an ja su ko sun turje. Jan san yana ɗan jan ƙafar baya, yana barin zane a laka. A gindin tsamiyar akwai tudu, nan sawun kofato ya ƙare, na taya ya karɓa.

"Nan anka loda su," in ji Gwadabe, da muryar da ta kai har na ƙarshen taro. "A-kori-kura ta. Ta yi baya ta jingina da tudun ga, shanun sunka hau awa masu shiga gidansu."

Ya durƙusa ƙarƙashin wani reshe da ya sauko, ya tsinci guntun baƙar roba kamar tsawon yatsa, ya ɗaga kowa ya gani. Guntun rumfar gilashi ne, robar nan da direbobi ke sa wa saman gilashin ƙofa don su iya sauke shi kaɗan ana ruwa ba tare da sun jiƙe ba. A lokacin yayinta ake yi, duk mai mota yana son a gan shi da ita.

"Reshe ya karye mata rumhwa ta gehen direba. Kuma tayar baya ta suɗe, ba ta da zane ko kaɗan." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "To, wa ad da mota mai sanƙon taya garin ga?"

Don a yi dariya ya faɗa, an kuwa yi. Dariyar ba ta gama sauka ba wani ya ce, "Sirajo."

Gaskiyar magana, in za a kama duk mai a-kori-kura mai suɗaɗɗiyar taya tsakanin Ƙaura da Zurmi, ba za a bar direba ko ɗaya a kan hanya ba. Gwadabe ya fi kowa sanin haka. Amma an riga an juya an nufi cikin gari, kuma ya ji daɗin yadda maganarsa ta ɗaga jama'a. Sai ya jefa guntun robar a aljihu ya bi baya.

Tsautsayi ya sa aka tarar da Sirajo direba yana wanke bayan motarsa. Tayar bayan kuwa sumul take. Ƙofar direba babu rumfa, sai ta ɗaya gefen.

"Ta daɗe da hwaɗuwa," ya riƙa cewa. "Hanyar Shinkahi, tun bazara."

Babu wanda ya saurare shi. Aka ɗaure masa hannuwa ta baya da igiyar roba, aka kai shi ɗakin da ke jikin zauren mai gari. Mai gari ya ce ranar Litinin za a miƙa shi ga alƙali a Zurmi. Ya kuma tuna wa jama'a abin da malamai ke faɗi: in maganar sata ta kai gaban alƙali, ƙofar roƙo ta rufe, ko da mai kayan ta yafe.

* * *

Da azahar aka kawo wa Gwadabe tuwo a ƙofar zaure. Yana cikin ci sai ga Muhsina, matar Sirajo, da kwanon abincin mijinta. Ba kuka take ba. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ɗago.

"Baba, kai kac ce shi na?"

"Ni ban ambaci sunan kowa ba, ɗiyata."

"Ba ka ambata ba. Ka dai nuna ƙohwa, wasu sunka shiga." Ta gyara murfin kwanon. "Mutumen da ko rago ya taso mai sai ya kauce, shi ka kwance shanu biyu su bi shi? Da hannun nan nashi muke ci, mu da uwarshi."

Ta tashi ta wuce. Gwadabe ya dubi lomar da ke hannunsa, ya mayar da ita cikin kwano. Shi da bakinsa ya ce shanun sun hau mota kamar masu shiga gidansu. Sa ba ya yi wa baƙo haka. Ya gani tun a bayan danga, ya tsallake, saboda maganar taya ta fi daɗin faɗi a gaban mutane. Kunya ta rufe shi.

Ya je inda aka ajiye motar Sirajo, wannan karon shi kaɗai. Rumfar da ta saura irin mai manne ce, wadda ake liƙawa a jikin ƙofa ta waje. A gefen direba gam ɗin da ya saura ya bushe, datti ya kama shi ya yi baƙi, abin da ba ya faruwa a kwana ɗaya. Ya ciro guntun da ke aljihunsa. Babu gam a jikinsa ko ɗigo. Bakinsa siriri ne, irin wanda ake cusawa cikin ramin da gilashi ke bi. Ta ciki kuma akwai tabon ƙuna, robar ta yi ƙuraje kamar ta sha wuta.

Ya kai wa mai gari wannan magana. Mai gari ya jujjuya guntun ya mayar masa.

"Gwadabe, kai kat tada su. Ni ba ni iya kwantar da su da guntun roba. Kawo man shanun, ko ka kawo man mai motar."

"Ranka shi daɗe, ko igiyar a sassauta mai."

Aka buɗe ɗakin. Hannuwan Sirajo sun kumbura, igiyar ta nutse a wuyansu. Gwadabe da kansa ya durƙusa ya kwance ta. Sirajo bai dube shi ba.

* * *

Ranar Alhamis Gwadabe ya sauka kasuwar Shinkafi, ya zarce kara, inda ake cinikin shanu. Wani tsohon dillali da suka saba ya ce ba a kawo irin waɗannan shanu ba.

"Wa ka kawo san sata kasuwa yanzu? Ai ko maɗauka kayan mutane sun tuba, ko dai sun ɓoye sana'arsu. Kuma shanun nan na san su, ni na sai ma Hajiya su bara. Horarru na. Wani yaro daga wajen Ƙaura yak kawo su, wai mota zai saye. Har da hawaye yana bankwana da jan."

Wani yaro da ya sani ya faɗo wa Gwadabe a rai. Ya ce wa kansa samarin da suka sayar da shanu suka sayi mota a ƙasar Ƙaura ba su ƙirguwa, ya yi gaba.

Dillalin ya nuna masa Ammar, direban da ke jigilar dabbobi, wanda aka san ba ya yawan tambayar inda kaya suka fito. Ƙato ne mai baki, yana zaune a kan hancin motarsa yana cin rake. Rumfunansa baƙaƙe ne, masu shiga rami, kalarsu ɗaya da guntun. Gwadabe ya ji murna, irin murnar da ba ta da kyau. Da zai zama Ammar ne, da kowa ya huta, don babu wanda zai yi mamaki. Ya bi rumfunan da yatsa daga farko har ƙarshe. Lafiyarsu ƙalau, babu tsaga, babu ƙuna, kuma rana ta ɗan koɗar da su daidai da juna.

"Baba, in ka gama shahwar ta, ka biya kuɗin kallo," in ji Ammar. "Na ji ka sa an ɗaure Sirajo. Yanzu ni aka nema a haɗa?"

"Ina kas sai wagga?"

"Wurin Tambari, bakin tashar Ƙaura. Shi kaɗai ka kawo mai shiga rami."

"Ka zo Dauran ran Lahadi da motarka. In ba ka zo ba, da kanka ka ba su abin hwaɗi."

Ammar ya tofar da ɓawon rake, ya ce zai zo.

* * *

Shagon Tambari ɗan ƙarami ne, cike da madubai da fitilu da rigunan sitiyari. Gwadabe ya tarar yana yi wa wani direba bayani, sai ya zauna a benci ya jira. Tambari mutum ne da ba ya sayar maka da abu sai ya karantar da kai.

"Iri biyu ta," yake cewa. "Mai manne ta hi arha, amma zahin ranar ga tamu na narkar da gam, wata rana kana gudu iska ta yi gaba da ita. Mai shiga rami ba ta hwaɗuwa, sai dai tana taƙura gilashi in kana ɗagawa. Baƙa ta hi tare rana. In kai mai sammako na, ɗauki mai haske, don baƙar na ci maka gehen ido wurin kwana. Abu guda dai nika gaya ma kowa: kada ka sai wadda ba don ƙohwar motarka anka yi ta ba, kome arharta."

Da direban ya tafi, Gwadabe ya ajiye guntun a kan tebur. Tambari ya ɗauka, ya juya, ya ga ƙunar, ya yi dariya.

"Ai na hwaɗa mai. Wagga ta ƙohwar baya ta."

"A-kori-kura na da ƙohwar baya?"

"Shi na abin. Huɗu ka zuwa cikin kwali, don mota mai ƙohwa huɗu. Ammar yad ɗauki na gaba, na baya sunka yi saura. Gajeru na, kuma miƙaƙƙu, ba su bin lanƙwasar ƙohwar gaba. Nic ce mai ya haƙura ya sai mai manne, yac ce a'a, shi wadda ba ta hwaɗuwa shika so, kuma aljihunshi bai kai kwali guda ba. Yat tahi wurin mai shayi yag gasa su ga wuta, yal lanƙwasa su da hannu. Roba kuwa in ta sha wuta, ta zama ɓawon gyaɗa."

"Wa na?"

"Haba Baba, surukinka mana, Bilyaminu na Ɗan Isa. Yac ce ɗiyarka na da juna biyu, in an ruhe gilashi amai take, in an buɗe ruwa ya jiƙe ta. Nic ce wanga yaro ya san darajar iyali. Ta karye kenan? Ka ce mai ya zo, in rage mai."

Gwadabe bai san yadda ya fita daga shagon ba. Ya samu kansa tsaye a bakin layin dogo, guntun robar a dunƙule a hannunsa. Shi ne bara ya riƙa yi wa Bilyaminu habaici, cewa surukan wasu da mota suke zuwa gaisuwa, nasa kuwa warin kashin shanu yake. A matsayin wasa yake faɗa, a gaban mutane, kamar yadda ya saba. Yaron bai taɓa mayar masa da magana ba. Sai dai aka wayi gari ya sayar da shanun da ya gada, ya sayo tsohuwar a-kori-kura, Gwadabe kuma ya shiga gaba aka zaga da shi gari yana ɗaga wa mutane hannu.

Ƙarƙashin layin akwai kwalbati, ruwa na gudu a ciki. In ya buɗe hannunsa, shi kenan. Tambari zai manta. Ya daɗe a tsaye, har aka kira sallar Juma'a. Ya je ya yi, amma da za a tambaye shi abin da liman ya faɗa, ba zai iya kawo ko kalma ba. Hannuwan Sirajo yake gani, da ramin da igiya ta yi musu.

* * *

Washegari da safe ya isa Ɗan Isa, bai shiga gari ba, ya fara zagayawa gonar Bilyaminu. Yana ta roƙon Allah ya tarar da ita ciyawa. Ya tarar da sabuwar huɗa, baƙa, mai danshi, layi bayan layi. A tsakanin layukan ga zanen nan na san da ke jan ƙafar baya.

Hannatu ta tarbe shi da murna, da cikinta da ya fito sosai, ta shimfiɗa masa tabarma ta damo fura. Ita ce autarsa, kuma ita kaɗai ce ke iya yi masa tsiya.

"Baba, yau wane ɓarawo ya kawo ka garinmu?"

Ya yi abin da ya yi kama da dariya. Motar na ajiye a ƙofar gida, ƙofofinta tsirara.

"Ina rumhunan gilashin?"

"Ya cire su shekaranjiya, wai ƙara suke mai. Ni da anka saye su don ni, ko shawara ba a yi da ni ba."

Ya ce bari ya ga lafiyar motar. Ya sauke gilashin direba, ya sa farce cikin ramin. An cire rumfar, amma siririn bakinta ya karye ya maƙale a ciki, inda hannu ba ya kai. Ya ɗora guntunsa a kai. Tsagar ta hau tsagar, ba ragi ba ƙari.

Yana nan tsaye Bilyaminu ya dawo daga gona, laka har gwiwa. Ya ga surukinsa, ya ga abin da ke hannunsa, sai ya durƙusa a inda yake.

"Ina suke?" in ji Gwadabe a hankali.

"Kwarin bayan gona, Baba." Ya sunkuyar da kai. "Ni na hore su tun suna maruƙa. Na gan su Dauran da nik kai kaya, jan har ya yi man kuka. Na roƙi Hajiya haya tac ce layi ya yi tsawo. Na zaga ko'ina ban samu masu huɗa ba, mota ko ta ƙi kawo komi. Aro na yi niyya. In gama in maishe su."

"Aro da asuba, ta bayan danga. Ka ji an kama Sirajo?"



"Na ji."

"Ka ji, kac ci gaba da huɗa."

"Gehe guda ya rage, Baba. Nac ce in na gama..." Ya ɗago da sauri. "Ko yanzu ana iya gyarawa. In kai su kusa da Dauran in sake su, su shiga gari da kansu. A ce ɓacewa sunka yi. A saki Sirajo, ba wanda ya ji."

Abin da zan faɗa ba zai yi wa Gwadabe daɗi ba: ya so wannan shawara. Ya auna ta, ya ga tana iya tafiya. Har ya fara tunanin ta wace hanya za a bi da motar don kada a ga taya.

"Sai a ce 'yan'uwan Sirajo sunka sako su don tsoro," ya ce daga ƙarshe. "Ya hita ɗaki da hannunshi, ya mutu ɓarawo ga bakin mutane. Gobe ka loda su. Da rana za mu shiga, ta babbar hanya."

Bai san Hannatu na tsaye a bakin zaure ba sai da ta yi magana.

"Baba, hannunshi hwa?"

Gwadabe ya mayar da guntun robar aljihu. Ta dube shi, ta dubi mijinta, ta koma ciki da kwaryar furar da uban bai taɓa ba.

* * *

Ranar Lahadi da hantsi ƙofar mai gari ta cika. Motar Sirajo na nan inda aka bar ta. Ammar ya zo ya ajiye tasa a gefenta, ya harɗe hannu. Aka fito da Sirajo aka zaunar a ƙasa. Mata na can gefe a inuwar katanga, Hajiya Lauratu a kan kujera, Muhsina a tsaye.

Sai ga a-kori-kurar Bilyaminu ta shigo a hankali, farin sa da ja a bayanta, Gwadabe a gaba. Wuri ya kaure da kabbara. Aka riƙa kama hannun Gwadabe ana girgizawa, ana sa wa Bilyaminu albarka da ya taimaki surukinsa da mota. Babu wanda ya kawo komai a ransa. Hajiya ta tashi ta shafa wuyan jan tana hamdala.

"Madalla, Gwadabe," in ji mai gari. "Ina kas same su? Wa ya ɓoye su, wanga ko wancan?" Ya nuna Sirajo, ya nuna Ammar.

Hanya ce a buɗe. In ya ce a daji ya tsince su, an gama, kuma da yabo zai koma gida. Taro ne irin wanda yake so, kowa ya zuba masa ido. Wannan karon sai da aka matso kafin a ji abin da yake cewa.

"Ranka shi daɗe, a biyo ni."

Ya je motar Sirajo, ya nuna busasshen gam, ya nuna guntun da ba shi da gam. "Wagga mai manne ta, kuma tun bazara ta hwaɗi, yadda yac ce. Ba ita ba ta." Ya je ta Ammar, ya sa mai gari ya shafa rumfunan biyu da hannunsa. "Iri guda, amma ba ta karye ba. Ba ita ba ta."

"To ai motocin sun ƙare," in ji wani.

"Saura guda."

Ya taka zuwa motar da ta kawo shi. Ya sauke gilashin, ya kama yatsan mai gari ya ɗora a kan abin da ya maƙale a ramin, sannan ya haɗa guntun. Na kusa suka gani, suka faɗa wa na bayansu. Bilyaminu ya fito daga motar ya zauna a ƙasa, ɗan nesa da Sirajo, ya faɗi komai da bakinsa ba tare da an matsa masa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da har yau mutanen Dauran ba sa son a tuna musu. Babu wanda ya nemi igiya. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce ai yaro ne, kuma shanun sun dawo. Wani ya ce surukin Gwadabe ne, a duba girman tsoho. Liman ya ce tunda maganar ba ta kai gaban alƙali ba, in Hajiya ta yafe, ta yafu. Nan da nan kowa ya zama mai tausayi.

"Ranka shi daɗe, in yi magana?" Muhsina ce, daga inuwar katanga. Mai gari ya ɗaga mata kai. "Randa anka ɗaure maigidana ma maganar ba ta kai gaban alƙali ba. Ban ji wanda ya tambayi Hajiya ko ta yahe ba."

Waɗanda suka ɗaura igiyar suna wurin, kowannensu ya samu abin kallo a ƙasa. Hajiya Lauratu ta ja gyalenta ta rufe baki.

"Gaskiya ta hwaɗi," ta ce. "Ni ma ban tambayi kaina ba. Shanuna na yahe. Abin da anka yi ma Sirajo ba nawa ba na, ba ni iya yahe shi."

Aka juya ga Sirajo. Ya dubi hannuwansa, inda shatin igiyar ya yi baƙi.

"Ni ban son hannun kowa," ya ce. "Na san abin da mutum ka ji in ya kwana yana tunanin nashi. A bar shi ya tahi ga iyalinshi. A ba ni makullina."

Aka ba shi. Muhsina ta shiga gaba ta zauna. Sirajo ya murza makulli, motar ta yi tari ta yi shiru, batir ya sauka saboda zaman da ta yi. Kafin ya ce komai maza suka rugo, har ana ture juna wajen neman inda za a dafa, su ne dai waɗanda suka ja shi a ƙasa. Gwadabe ma ya lallaɓa ya samu wuri a jikin ƙofar direba, ya ɗora tafin hannunsa. Aka fara turawa.

Sirajo ya taka birki. Motar ta tsaya cak, na baya suka yi karo da juna.

"Ban da kai, Baba."

Ba da tsawa ya faɗa ba, a hankali ne, ta gilashin da ke sauke.

"Su ihu sunka ji sunka bi. Kai ka san sawu."

Gwadabe ya janye hannunsa ya ja da baya. Sauran suka sake turawa, motar ta yi tari biyu ta kama, ta bi hanyar cikin gari. Mutane suka fara watsewa, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Shi kuwa yana nan tsaye inda aka bar shi, hannun a ɗage kaɗan, bai san inda zai sa shi ba.